FILIN KIMIYYA DA SANA'A: Soson Bango Ba Ya Maganin Gunjin Ɗaki

A wannan mako filin zai waiwayi wata matsala da ke ci wa masu sha'awar sauraron faifai tuwo a ƙwarya, haka nan ma'aikatan gidajen rediyo, da samarin da suka buɗe ɗakunan ɗaukar murya a Kano da Kaduna da Jos da Legas. Mutum zai yi wata da watanni yana tarin kuɗi, ya tafi kasuwar Alaba ko ta Sabon Gari ya sayo lasifika mai tsada, wadda ya ji ta a kanti tana fitar da sauti garau, amma da zarar ya kawo ta gida ya kunna sai ya ji ɗakin ya cika da wani irin gunji mai danne muryar mawaƙi. In ya tashi daga kujerarsa ya yi taku biyu sai gunjin ya ɓace ɗungum, har ganga ta koma kamar ana dukan kwali. Daga nan sai ya ɗora wa lasifikar laifi, alhali kuwa ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba. Laifin na ɗakin ne, kuma akwai kayayyaki iri-iri da ake sayarwa da sunan maganinsa, waɗanda ya kamata a san amfanin kowanne kafin a zura hannu cikin aljihu.

Shi dai sauti motsin iska ne, yana tafiyar kimanin mita 343 cikin daƙiƙa guda, ya kan kuma ƙara sauri kaɗan idan gari ya ɗau zafi. Kowane sauti yana da yawan kaɗawarsa cikin daƙiƙa, ana kuwa auna wannan da ma'aunin da ake kira haz, daga sunan wani masani Bajamushe, Heinrich Hertz. Kunnen matashi mai lafiya yana jin daga haz 20 zuwa haz 20,000. Siririn sauti, irin na sarewa, igiyarsa gajera ce: sauti mai haz 1,000 tsawon igiyarsa santimita 34 ne kacal. Amma kakkauran sauti, irin na tambari ko babbar ganga, igiyarsa doguwa ce ƙwarai, don mai haz 47 ya zarce mita 7. A nan ne wahalar take, domin igiya mai irin wannan tsawo ta yi kusan daidai da girman ɗakunan da jama'a ke zaune a ciki.

Duk wanda ya taɓa ganin yarinya ta ɗauko daro cike da ruwa ya ga misalin abin da ke faruwa. Idan takunta ya zo daidai da kai-komon ruwan, sai ruwan ya riƙa tashi a wannan gefe yana faɗawa a wancan, yana ƙara ƙarfi har ya fara zuba, amma a tsakiyar daron kusan ba ya hawa ba ya sauka. To, haka iskar ɗaki take yi tsakanin bango da bango. Sautin da ya fita daga lasifika ya kan bugi bango ya dawo ya gamu da wanda ke biye da shi, in kuwa rabin tsawon igiyarsa ya yi daidai da tazarar bangon biyu, sai su haɗu su tsaya wuri guda, su yi ƙarfi a jikin bango, su kashe juna a tsakiyar ɗaki. Wannan ita ce masana ke kira tsayayyar igiya. Tun a 1866 wani Bajamushe mai suna August Kundt ya nuna ta ido da ido, ya zuba gari mai laushi cikin bututun gilashi ya saka sauti a ciki, garin ya taru tsibi-tsibi a wuraren da iskar ba ta motsi.

Lissafin ba shi da wuya, ɗan firamare ma zai iya. A auna tsawon ɗaki da mita, a ninka shi biyu, a raba 343 da abin da aka samu. Ɗakin nan da magina suka fi yi, mai ƙafa 12 tsawo da ƙafa 12 faɗi, watau mita 3.66 kowane gefe, gunjinsa na farko yana kan haz 47, sa'an nan na biyu a haz 94, na uku a haz 141. In rufinsa ya kai ƙafa 10, akwai wani gunjin tsakanin daɓe da silin a haz 56. Abin da ya ƙara dagula wannan ɗaki shi ne tsawonsa da faɗinsa ɗaya ne, saboda haka gunjin gabas da yamma da na kudu da arewa sun hau kan juna, ƙarfinsu ya taru a kan sauti guda. Ɗaki mai mita 5 da mita 4 da mita 3 ya fi shi sauƙi, don nasa sun rarrabu a haz 34 da 43 da 57. Bugu da ƙari, ginin bulo da siminti, da daɓen tayil, ba sa barin kakkauran sauti ya fice, suna maido da shi kusan gaba ɗaya. Yawancin gidajen Amurka kuwa bangon cikinsu falle ne marar nauyi, wanda ke girgiza ya shanye wani kaso na gunjin. Saboda haka shawarar da aka rubuta domin ɗakin can ba lalle ta wadatar da ɗakin Agege ko na Fagge ba.

Kayan da aka fi gani a kasuwa shi ne soson nan mai tudu da kwari, baƙi ko ruwan toka, wanda ake yankawa falle-falle a manna a bango. Yana da kyan gani, in an shiga ɗakin da aka lulluɓe da shi sai a ce lalle an shigo situdiyo. Amma ba girin-girin ba, ta yi mai. Soso da duk wani abu mai ƙananan ƙofofi suna shanye sauti ne ta hanyar goga: iska mai motsi ta kutsa cikin ƙofofin, ta gogu, ƙarfinta ya koma ɗan ɗumi. Ashe ke nan dole sai iskar tana motsi a wurin da aka ajiye soson. A jikin bango kuwa iska ba ta da inda za ta, motsinta ya fi ƙarfi ne a tazarar rubu'in tsawon igiya daga bangon. Soso mai kaurin santimita 5 ya cika wannan sharaɗi ga sauti mai haz 1,700 zuwa sama, yana kuma taɓukawa a ƙasa da haka kaɗan. Ga gunjin haz 94 rubu'in igiya santimita 91 ne, ga na haz 47 kuwa mita 1.8, watau tsakiyar ɗakin cif. Manna falle mai kaurin yatsa uku domin tare irin wannan igiya ɗibar ruwa ne da rariya.

Har ma ya kan ƙara ɓata al'amari. Soson zai shanye siririn sauti, wanda shi ne ke fayyace harafin magana da ƙarar kuge, ya bar kakkauran yana ta ruri shi kaɗai, sai ɗakin ya koma kamar an kifa wa mutum tukunya a ka. Mai haɗa waƙa a irin wannan ɗaki zai ji ganga ta yi yawa ya rage ta, ko ya ji ta ɓace ya ƙara ta, sai an kunna aikin a mota ko a gidan biki sa'an nan a gane ɗakin ya yaudare shi. Abin da aka faɗa game da soso ya hau kan kafet da labule, balle kwalin ƙwai, wanda jama'a suka ɗauka yana aiki don kawai ya yi kama da soson situdiyo. Shi kuwa farin abin nan marar nauyi da ake kunshe rediyo da firiji da shi, ƙofofinsa a toshe suke, ba ya shanye komai. Gwajinsa mai sauƙi ne: a kafa baki a hura, in iska ba ta ratsa ba, to sauti ma ba zai shiga ba.

Akwai wata al'ada ta tafa hannu domin nuna aikin soso. A tafa a ɗakin da babu komai a ji amsa-kuwwa, a tafa a wanda aka manna soso a ji tsit. Gaskiya ne an sami canji, sai dai tafi siririn sauti ne, babu kauri a cikinsa, saboda haka abin da aka gwada daban, abin da ke damun mai ɗakin daban.

Sai kuma batun lambobin da ake bugawa a jikin kwali. Asalinsu yana komawa ga wani malamin kimiyya na jami'ar Harvard ta Amurka, Wallace Clement Sabine. A 1895 aka ɗora masa gyaran wani zauren lacca na gidan kayan tarihi na Fogg, inda kalma guda kan yi fiye da daƙiƙa 5 tana yawo kafin ta mutu, har ɗalibai ba sa gane abin da malami ke faɗi. Shi da mataimakansa suka riƙa kwaso matasan kujeru daga wani zauren da daddare, suna shimfiɗawa, suna busa bututun molon coci suna duba agogo, kafin gari ya waye su mayar. Da haka ya gano dangantakar girman zaure da yawan abin da ke shanye sauti a cikinsa, da ilmin nan kuma aka tsara zauren kaɗe-kaɗe na birnin Boston da aka buɗe a 1900. Ma'aunin da ya ɗauka shi ne buɗaɗɗiyar taga, don duk sautin da ya fita ta taga ba ya dawowa. Har yau haka ake yi: abin da aka ba lamba 1 yana shanyewa kamar taga buɗe, wanda aka ba 0 yana maido da komai.

To, a nan ne mai saye zai buɗe ido. Lambar da aka fi talla da ita, wadda ake rubutawa NRC, matsakaici ce ta gwaji huɗu, a haz 250 da 500 da 1,000 da 2,000. Babu ruwanta da abin da ke ƙasa da haz 250, alhali kuwa a can ne tsayayyar igiya ta fi yin ɓarna a ƙaramin ɗaki. Kaya zai iya samun NRC mai yawa, ya kasance bai tsinana komai a haz 60 ba. Abin da ya kamata a nema shi ne cikakken jadawalin gwaji, wanda wani ɗakin gwaji mai zaman kansa ya yi bisa ƙa'idar ISO 354 ko ASTM C423, a duba layin haz 125 da na haz 100, a kuma duba ko a manne da bango aka gwada kayan ko an bar sarari a bayansa, don sararin yana ƙara masa maki. Ko wannan ma a karɓe shi da hattara, saboda ana yin gwajin ne a babban zaure mai amsa-kuwwa, inda sauti ke zuwa ta kowace fuska, ba kamar ɗakin ƙafa 12 ba. Kamfanin da ya kira kayansa tarkon gunji amma ya kasa nuna lamba ko ɗaya ƙasa da haz 125, ya bar mai saye cikin duhu.

Wani abin da ya fi asarar kuɗi muni shi ne wuta. Yawancin soso mai araha na roba ne irin na katifa, yana kamawa nan da nan, hayaƙinsa kuma guba ne. Ran 20 ga Fabrairu, 2003, a wani gidan rawa mai suna The Station a jihar Rhode Island ta Amurka, tartsatsin wasan wuta ya taɓa soson da aka manna a bango domin rage ƙara, mutum 100 suka halaka. Ran 27 ga Janairu, 2013, irin haka ta auku a gidan rawa na Kiss a garin Santa Maria na ƙasar Barazil, soson silin ya kama, mutum 242 suka mutu, yawancinsu hayaƙi ne ya kashe su. Sai a tuna yadda ƙananan situdiyo suke: ƙofa ɗaya, taga a toshe, wayoyin lantarki birjik, ga janareta a bakin ƙofa. Duk mai son soso ya tambayi shaidar gwajin wuta, ko ya nemi wanda aka yi da sinadarin melamin, irin su Basotect na kamfanin BASF, wanda ba ya saurin kamawa, ko da yake ya fi tsada.

Abin da ke aiki a kan gunji, cikin kayan da ke shanyewa ta hanyar goga, shi ne kauri. Ana amfani da audugar gilashi da aka danne ta zama allo, irin su Owens Corning 703, ko audugar dutse irin ta Rockwool, dukansu kuwa ba sa cin wuta kamar soso. Allo mai kaurin santimita 10 ko 15, in aka gicciya shi a kusurwar ɗaki daga daɓe har silin, ya bar sarari mai zurfi a bayansa, zai fara cizon gunjin haz 100 sosai, ya ɗan taɓa na ƙasa da haka. An zaɓi kusurwa ne don a nan duk igiyoyin ɗakin suke haɗuwa, a nan kuma ake samun zurfi ba tare da an cinye filin zama ba. Haɗuwar bango da silin ma kusurwa ce, mutane kan manta da ita. A shekarun 1980 wani injiniya Ba'amurke, Arthur Noxon, ya fito da irin wannan tarko mai siffar ganga tsaye, mai suna Tube Trap, amma kafinta na unguwa zai iya haɗa firam na katako, ya cusa audugar, ya rufe da akoko ko wani yadi da iska ke ratsawa. Ya dai sa safar hannu ya rufe hanci, don audugar tana sa ƙaiƙayi. Kada kuma a yi zaton guda biyu za su wadatar, ɗakin siminti yana bukatar kusurwoyinsa huɗu, wani lokaci har da bangon baya.

Ga gunjin da ke can ƙasa, haz 40 zuwa 70, inda auduga za ta cinye rabin ɗaki kafin ta yi tasiri, akwai wata dabara. Ana yin akwati marar zurfi wanda iska ba ta fita, a rufe fuskarsa da siririn katako, a sa auduga a ciki ba tare da ta taɓa katakon ba. Matsin sauti, wanda ya fi ƙarfi a jikin bango, shi ke girgiza katakon kamar fatar ganga, audugar ciki kuma ta kashe girgizar. Nauyin katakon da zurfin akwatin su ke yanke sautin da zai kama: falle mai nauyin kilo 4 a kowace murabba'in mita, a kan akwati mai zurfin santimita 20, yana kamawa wajen haz 67. Injiniyoyin BBC sun daɗe suna rataya irin waɗannan akwatuna a ɗakunan watsa shirye-shiryensu. Ɗan'uwansa shi ne mai aiki kamar kwalba, wadda in an hura bakinta take ba da sauti guda, aka kuma sa masa sunan Hermann von Helmholtz, wanda ya bayyana shi a littafinsa na 1863. Dabarar ta girme shi nesa ba kusa ba, domin a masallacin Sulaimaniyya na birnin Santambul, wanda Mimar Sinan ya gama a 1557, akwai tuluna da aka binne cikin ƙubba, bakinsu na duban ƙasa. Aibin waɗannan kaya shi ne sauti ƙalilan suke kamawa. Wanda ya sayi na haz 60 alhali ciwon ɗakinsa a haz 47 yake, ya sayi akwatin ado.

Su kuwa allunan katako masu rami-rami da ake kira masu warwatsa sauti, waɗanda suka samo asali daga aikin Manfred Schroeder a shekarun 1970, suna da amfaninsu a babban ɗaki, amma zurfin ramukansu bai kai ya taɓa igiya mai mita 7 ba. Haka nan babu ɗaya cikin kayan nan da zai hana maƙwabci jin kiɗa, wannan aikin bango mai nauyi ne da ƙofa mai rufuwa ruf.

Akwai kuma maganin da ba a biyan ko kwabo. Kujerar da ke tsakiyar ɗaki tana zaune ne inda gunjin farko ya mutu, wadda aka jingina da bangon baya kuma tana inda ya fi ƙarfi, saboda haka masana kan ba da shawarar a fara gwada zama a ɗan fiye da sulusin tsawon ɗakin daga bangon gaba, sa'an nan a matsa gaba ko baya har a dace. Lasifikar da aka cusa a lungu tana tayar da dukan igiyoyin ɗakin, jawo ta waje kaɗan kan kawo sauƙi. Buɗe ƙofa zuwa wani ɗaki ma yana canza gunjin. A 2002 Todd Welti na kamfanin Harman ya nuna cewa lasifikar kakkauran sauti biyu ko huɗu, in an ajiye su a wuraren da suka dace, kamar tsakiyar bangaye masu fuskantar juna, suna rage bambancin da ke tsakanin kujera da kujera fiye da guda ɗaya babba. Na'urar daidaita sauti kuwa tana iya rage gunjin da ya yi yawa a kujera guda, amma ba ta iya cike wurin da igiyoyi suka kashe juna, ko nawa aka ƙara ƙarfi haka za su ci gaba da kashe juna, sai dai a ƙona lasifika.

Kafin a sayi komai, a auna. Akwai manhajar kwamfuta mai suna Room EQ Wizard da ake samu kyauta, in aka haɗa ta da makirfon awo irin su UMIK-1 za ta zana hawa da saukar sautin ɗaki, ta kuma nuna tsawon lokacin da kowane gunji ke ɗauka kafin ya mutu. Wannan na biyun shi ne mizanin gaskiya na tarkon gunji, don tarko nagari yana gajarta jelar sautin. Wanda ba shi da waɗannan sai ya sa manhajar fitar da sauti guda a wayarsa, ya jona ta da amfilifaya, ya saka lambar da lissafin ɗakinsa ya ba shi ba tare da ya ƙure murya ba, ya zagaya ɗakin a hankali yana sa alama da alli a inda sautin ya yi ƙarfi da inda ya ɓace. Sa'an nan ya nemi mai kaya ya yarda a kawo tarko biyu a kafa a kusurwa, a sake kunna sautin nan, a tsaya a kan alamomin allin, a ji ko wurin da ya ɓace ya fara dawowa, wurin da ya yi ruri kuma ya lafa.